Ikko da Badagiri: Tarihin Wuraren Kallo na Bakin Teku

Mutanen Arewa da yawa suna zuwa Ikko, waɗansu da shanu, waɗansu da albasa da tumatir, waɗansu neman goro, waɗansu kuwa aikin gwamnati ko na soja. Akwai wanda zai shekara 10 a can da iyalinsa, amma in aka tambaye shi abin da ya sani na garin, sai ya ce kasuwa da masallaci da tashar mota. 'Ya'yansa su girma ga teku kusa da su, ba su taɓa tsayawa bakinsa ba. Abin da kan hana shi kai su kallo shi ne yana ɗaukar garin na waɗansu ne, babu abin da ya haɗa shi da tarihinsa. To, wannan kuskure ne. Da wuya a sami wurin kallo a Ikko da kewayenta wanda babu sawun mutumin Arewa a cikin labarinsa. Ga bayanin wuraren, bisa ga yadda zamani ya jera su.

Asalin Garin

Tsohon garin Ikko tsibiri ne, watau ƙasa wadda ruwa ya kewaye. Ruwan da ya kewaye shi wani makeken tafki ne wanda koguna ke zuba a ciki, Kogin Ogun na cikinsu, tafkin kuma yana da baki inda yake haɗuwa da teku. Waɗanda suka fara zama wurin Yarabawa ne da ake kira Awori, masunta da manoma. Daga Isheri suka gangaro zuwa Ebute Metta da Iddo, sa'an nan suka riƙa haye ruwa da kwalekwale suna noma a tsibirin. Daga baya mayaƙan Sarkin Bini suka kafa sansani a wurin, sarautar garin ma tana da jiɓi da Bini. Waɗansu sun ce sunan nan Eko daga bakin mutanen Bini ya fito, ma'anarsa sansani. Waɗansu kuwa sun ce daga kalmar Yarabanci ce mai nufin gona. Hausawa dai suka juya shi ya zama Ikko. Turawan Fotugal, waɗanda suka fara leƙo wannan gaɓa cikin 1472, su ne suka sa mata ɗaya sunan, Legas, saboda tafkunan da suka gani.

Fadar Sarkin Ikko tana unguwar Isale Eko har yanzu, ana kiranta Iga Idunganran. An ce gonar barkono ce aka gina ta a kai, sunan ma abin da yake tunawa ke nan. Wanda ya tsaya ƙofar fadan nan ya dubi dogayen benaye da suka kewaye tsibirin, ya kamata ya gaya wa 'ya'yansa daga wannan ɗan lungu duk birnin ya tsiro.

Badagiri da Cinikin Bayi

Wajen mil 40 yamma da Ikko, kusa da iyakar Jamhuriyar Benin, akwai garin Badagiri na ƙabilar Egun. Gari ne mai sanyin iska da itatuwan kwakwa jere bakin ruwa, amma tarihinsa da ɗaci. Cikin ƙarni na 18 da farkon na 19, nan da Ikko suna cikin tashoshin da jiragen Turawa ke ɗibar bayi zuwa ƙasashen Amurka, musamman Barazil da Kuba, inda ake sa su noman rake da taba.

Gaskiyar magana, Turawan nan ba su shiga daji suka kamo mutane da hannunsu ba. A gaɓa suke tsayawa da bindiga da albarushi da barasa da taba da yadi, baƙaƙen fata 'yan'uwan bayin su ne ke kawo su. Yaƙe-yaƙen da aka yi a ƙasar Hausa da Nupe da Barno tun daga 1804, da waɗanda suka rushe daular Oyo, sun cika kasuwanni da kamammu. Sai a sayar da mutum a Kano ko Zazzau, a kai shi Nupe, a haye Kwara da shi, a yi ta miƙa shi hannu zuwa hannu har ya iske kansa bakin wani ruwa wanda bai taɓa jin labarinsa ba. Ingila ta hana mutanenta cinikin cikin 1807, amma bai mutu nan da nan ba. Barazil ba ta kashe bauta ba sai 1888, a Arewa ma sai 1936 doka ta kashe ta ƙurmus.

A Badagiri akwai gidan tarihi cikin tsohon ofishin Di'o wanda aka gina a 1863. Akwai wurin kasuwar bayi ta Vlekete. Akwai gidan zuriyar Mobee, inda aka ajiye sarƙoƙin wuya da mari na ƙafa, ana barin mai ziyara ya ɗaga ya ji nauyinsu. Akwai kuma gidan Seriki Williams Abass mai ƙananan ɗakuna inda akan tsare bayi kafin jirgi ya zo. Shi Seriki Abass ɗin nan an taɓa bautar da shi kansa, aka kai shi Barazil, ya komo ya shiga cinikin da ya ci shi, ya zama attajiri, ya rasu a 1919. Daga nan akan shiga kwalekwale a haye zuwa tsibirin Gberefu, a taka cikin rairayi har gaɓar teku. A kan hanya akwai wata rijiya wadda mutanen garin ke cewa ana shayar da bayi ruwanta don su mance gida. Ƙarshen hanyar shi ake kira wurin da ba a komowa.

Amma akwai wanda ya komo. Wani Bagobiri mai suna Abubakar, wanda Turawa ke kira Pasko, an kama shi, aka yi ta sayar da shi har bakin teku, aka sa shi jirgin Fotugal. Jirgin yaƙin Ingilishi ya tare su a ruwa ya 'yanta su, Abubakar ya zama ma'aikacin jirgi. Cikin 1825 sai ga shi ya sauka Badagiri yana tafinta ga Kyaftin Clapperton, wanda mutanen Arewa suka sani da suna Abdullahi. Shi Clapperton ya riga ya zo Sakkwato ta hamada a 1824, ya gana da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. Wannan karo ta kudu ya biyo. Suka tashi daga Badagiri cikin Disamba 1825, suka bi ta Oyo da Busa, suka isa Kano da Sakkwato a 1826. Can ajali ya sami Clapperton cikin Afrilu 1827. Baransa Richard Lander, wanda ake yi wa laƙabi Nasara Ƙarami, ya juyo da takardun ubangidansa har Badagiri. Turawa masu cinikin bayi suka yi masa sharri wai ɗan leƙen asiri ne, aka tilasta shi shan gwaska a gaban jama'a. Ya shanye, ya yi maza ya koma masauki ya sha maganin amai, ya tsira. Cikin 1830 ya sake sauka Badagiri da ƙanensa, suka je Busa da Yawuri, suka bi Kwara da kwalekwale har inda ta faɗa teku. Tun daga ran nan Turawa suka san hanyar ruwa zuwa Arewa.

Akwai kuma wani gida da 'yan mishan suka gina a 1845, wanda masu zagayawa da baƙi kan kira bene na farko a Nijeriya. Mutumin Kano ko Katsina ya san an daɗe ana ɗora soro bisa soro da tubali a ƙasarsu kafin wannan shekara. Abin da ya dace a ce, yana cikin benaye na farko irin ginin Turawa.

Waɗanda Suka Komo daga Barazil

Bayin da aka kai lardin Bahiya na Barazil ba su kwanta ba. Hausawa ne suka shirya tawaye a 1807, suna kuma kan gaba a na 1809 da na 1814. Cikin Janairu 1835, a watan azumi, Musulmin birnin Salbado, yawancinsu Yarabawa, suka tashi da dare sanye da fararen riguna. Aka murƙushe su, aka sami layu da takardun rubutun Arabiyya a jikin waɗanda suka faɗi. Bayan wannan hukuma ta tsananta, ta kori waɗansu, waɗansu kuma da suka fanshi kansu suka biya kuɗin jirgi suka komo Afirka.

Waɗanda suka sauka Ikko ana kiransu Aguda, unguwarsu Popo Aguda. Sun zo da sana'ar gini da sassaƙa da fenti, suka gina gidaje masu manyan tagogi da ado a fuska. Ban da su akwai Saro, watau waɗanda jiragen Ingilishi suka 'yanta aka zaunar da su Saliyo, daga baya suka komo. Masallacin Shitta Bey da ke titin Martins ya haɗa duka biyu. Muhammadu Shitta, attajiri haifaffen Saliyo, shi ya ba da kuɗi, magini Aguda ya tsara ginin, aka buɗe shi a 1894. Sarkin Musulmi na Istambul, Abdulhamid na Biyu, ya aiko wa Shitta da sarautar Bey saboda wannan aiki. Masallacin yana nan ana salla a cikinsa, ba shi da nisa da babban masallacin Juma'a mai hasumiya 4 wanda aka buɗe a 1988.

Ba duka gine-ginen nan suka yi sa'a ba. Kusa da dandalin Tinubu akwai wani shahararren gida, Ilojo Bar, wanda gwamnati ta sa cikin kayan tarihin ƙasa tun 1956. Cikin Satumba 2016 aka wayi gari an rushe shi. Ginin da ya haura shekara 150 a tsaye, yini guda ya ishe shi.

Zuwan Ingilishi da Dakarun Hausawa

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Rikicin sarauta ya tashi tsakanin Akitoye da ɗan ɗan'uwansa Kosoko. Kosoko ya kori Akitoye, shi kuma ya nemi taimakon Ingilishi, ya yi musu alkawarin hana cinikin bayi. Cikin Disamba 1851 jiragen yaƙi suka buɗe wa garin wuta, Kosoko ya gudu Epe da jama'arsa, aka mai da Akitoye gado. Shekara 10 bayan haka, ran 6 ga Agusta 1861, aka matsa wa ɗansa Dosunmu ya sa hannu ya ba da garin ga Sarauniyar Ingila.

Sabuwar hukuma tana bukatar masu tsaro. Wani hafsan jirgin ruwa, John Glover, ya san Hausawa tun sa'ad da jirginsu ya fashe a Jaba cikin 1857. Da ya sami riƙon Ikko a 1863, sai ya tara Hausawa, da yawansu bayi ne da suka tsere wa iyayengijinsu, ya ba su bindiga da kaki. Da su ya tsare garin, da su kuma ya tafi yaƙin Ashanti a 1873 zuwa 1874. Daga wannan 'yar runduna sojan Nijeriya ke ƙirga asalinsa. Unguwar Obalende ma da dakarun Hausawa da iyalansu ta fara cika. Watau zaman Bahaushe a tsibirin nan ya girmi haɗewar Kudu da Arewa, wadda Gwamna Lugga ya yi shelarta ran 1 ga Janairu 1914.

A titin Broad akwai tsohon gidan yarin Turawa. Cikin waɗanda suka kwana a ciki har da Herbert Macaulay, tsohon ɗan gwagwarmayar neman mulkin kai, wanda ciwon ajali ya kama shi a Kano yana rangadin siyasa, ya rasu a Ikko cikin 1946. An mai da gidan lambun shaƙatawa a 2010, ana kiransa Freedom Park, watau lambun 'yanci. An bar katangar da alamun ɗakunan fursuna, yara suna guje-guje a inda dā ake jan sarƙa.

Dogo da Gyaɗa

An fara shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa daga Ebute Metta a 1896, ta isa Badun a 1901. A shekarar nan kuma aka gama gadar Carter, wadda ta haɗa tsibirin Ikko da Iddo. Dogo ya isa Kano a 1911, zuwa 1912 jirgi na tafiya tsakanin Kano da Ikko, mil 700 ko kusa da haka. Tafiyar da ayari kan yi wata da watanni, sai ga ta ta koma 'yan kwanaki. Turawa sun sa rai auduga za ta cika taragu, amma manoman Kano suka ga gyaɗa ta fi riba, suka dulmuya nomanta. Gyaɗar nan da ake tara dala da ita a Kano, Apapa take gangarowa a loda ta jirgin ruwa. Taragun kuma su koma da gishiri da kananzir da yadi da goro. Fatake irin su Alhasan Ɗantata suka riƙa ɗauko goron Gwanja ta jirgin ruwa daga Ankara zuwa Ikko, maimakon doguwar hanyar jakai. Noman goro ya bazu a Agege, Hausawa suka kafa zango a can.

Cikin unguwar ma'aikatan jirgin ƙasa a Ebute Metta akwai wani tsohon bene mai faffaɗar baranda, Jaekel House, wanda aka gina a 1898. An gyara shi an ajiye tsofaffin hotuna da kayan aikin dogo. Yaron da kakansa ya noma gyaɗa ko ya yi dako a tasha, a nan zai ga hanyar da gumin tsohon ya bi.

Filin Sukuwa da Gidan Tarihi

A tsakiyar tsibirin akwai filin da Turawa ke sukuwar dawaki a dā. A nan ne, da tsakar daren da ya wayi 1 ga Oktoba 1960, aka sauke tutar Ingila aka ɗaga kore da fari da kore. Gimbiya Alexandra ta wakilci Sarauniya, Firayim Minista Alhaji Abubakar Tafawa Ɓalewa, malamin makaranta daga Bauci, ya karɓi takardun mulki. An sake gina filin a 1972, yana ɗauke da sunansa. Bisa ƙofar akwai siffofin fararen dawaki sun ɗaga ƙafafun gaba, da jajayen gaggafa, abin da yara kan fara hangowa ke nan.

Tafiya kaɗan daga filin sai gidan tarihi na ƙasa a Onikan, wanda Kenneth Murray ya kafa a 1957. Akwai kayan tagulla na Bini da na Ife, da siffofin yumɓu na Nok daga kudancin Kaduna, waɗanda suka haura shekara 2,000. Cikin kawunan Nok wanda ya fi suna shi ne na Jama'a. Wani ma'aikacin haƙar kuza ya tsince shi, ya kafa shi a gonar doya don korar ɓarna, kafin masana su gan shi su gane darajarsa. A wani ɗaki kuma ga baƙar motar Janar Murtala Muhammad da hujojin harsashi a jikinta. A cikinta aka harbe shi ran 13 ga Fabrairu 1976, kwana 10 bayan ya sanar da jama'a za a mai da babban birni Abuja. Ƙaurar ta tabbata ran 12 ga Disamba 1991.

Rairayin da Teku Ya Cinye

A dā bakin tafkin Ikko yana da tudun rairayi a ƙarƙashin ruwa, manyan jirage ba su iya shiga, sai su tsaya can waje a yi ta jigila da ƙanana. Daga wajen 1908 aka riƙa kawo duwatsu ta jirgin ƙasa daga Abekuta, aka jera dogayen katangu cikin teku dama da hagun bakin, aka yashe tsakiyar. Cikin Fabrairu 1914 babban jirgin wasiƙu ya shiga har cikin gari. Amma gyaran ya zo da ɓarna. Igiyar ruwa a wannan gaɓa daga yamma take tura rairayi zuwa gabas. Katangar yamma ta tare shi, ya taru a bayanta, gefen gabas kuwa ya rasa mai ciko, teku ya yi ta cinsa shekara da shekaru.

A gefen gabas ɗin nan ne Bar Beach yake, inda jama'ar Ikko kan fita da iyali ran Lahadi da ranakun salla, yara su hau doki, manya su sha iska. Ruwa ya yi ta matsowa har ya riƙa malalowa kan titin Ahmadu Bello. Daga 2008 aka fara cike wurin da rairayin da ake zuƙowa daga ƙasan teku, aka yi masa katangar dutse, ana gina sabuwar unguwa mai suna Eko Atlantic. Bar Beach dai ya zama labari.

Wanda ke son yara su taɓa ruwan teku, akwai Tarkwa Bay, wani lungu wanda katangun nan suka kāre daga manyan igiyoyi. Da jirgin ruwa ake zuwa, kusa da shi kuma akwai tsohuwar hasumiyar fitila mai nuna wa jirage hanya da dare. Sai dai a yi hattara. Iyon kududdufi da na kogi ba su ne iyon teku ba, gama igiyar da ta zo tana komawa da ƙarfi ta ƙarƙashi, takan fizge ƙafar babba balle yaro. Kada a shiga jirgi sai kowa ya sa rigar da ke hana nutsewa.

Gabas da gari, kan hanyar Epe, akwai gandun dajin Lekki, wanda wata ƙungiyar kiyaye daji ta keɓe a 1990, faɗinsa wajen eka 190. Fadama ce da kurmi, irin yadda duk gaɓar take kafin gidaje su cinye ta. An yi hanyar katako bisa ruwa, ana ganin birai da kada da kunkuru da ɗawisu. A 2015 aka ƙara wata gada ta igiya da ƙarfe wadda ke lilo a tsakanin kawunan itatuwa, tsawonta mita 401. Birai sun saba da mutane, wanda ya riƙe ayaba a fili ba zai kai ta baki ba.

Abin Lura

Wanda ya bi wuraren nan da hankali zai ga Arewa da bakin teku sun daɗe a ɗaure. Ta nan aka fitar da kamammun ƙasar Hausa, ta nan Abubakar Bagobiri ya komo, a nan tsararrun bayi suka zama soja, nan gyaɗar Kano ta ƙare tafiyarta, nan kuma mutumin Bauci ya karɓi mulkin ƙasa. Zai kuma ga kayan tarihi ba su da tabbas. Teku ya ci Bar Beach, mutane suka ci Ilojo Bar, abin da ya rage kuwa ba ya tsare kansa. Wurin da jama'a ke ziyarta, suna biyan kuɗin shiga, suna tambayar labarinsa, shi hukuma kan ji nauyin rushewa. Wanda aka yi watsi da shi, mai kuɗi ya saye ya kafa kanti.

Hausawa sun ce gani ya kori ji. Malami ya iya karanta wa yaro labarin bauta sau 10 ya mance, amma yaron da ya ɗaga sarƙar nan ta Badagiri da hannunsa, ya taka rairayin Gberefu har inda ƙasa ta ƙare, ba ya bukatar a maimaita masa. Saboda haka maigidan da Allah ya kai Ikko, in ya sami yini biyu na hutu, ya ba Badagiri ɗaya, ya ba tsibirin ɗaya, ya tafi da uwargida da yara. Kuɗin mota da na shiga ba su kai amfanin da za a komo da shi gida ba.